Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci: ina neman shawara

Ɗan Kasuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 47, ina sayar da atamfa da shadda a Kano, kuma kusan kowane mako nakan tuƙa motata zuwa Zariya ko Kaduna domin kai kaya da karɓo kuɗi. Tun ina makarantar kwana aka san ni da minshari, amma ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, domin mahaifina ma haka yake, kuma a gidanmu ana ganin mai minshari shi ne wanda barci ya yi wa daɗi.

Cikin shekara biyun nan abin ya sauya. Mai ɗakina ta ce minsharin yakan yi ta hawa, sai kuma ya yanke ɗif, ɗakin ya yi tsit, ƙirjina yana ta motsi amma iska ba ta shiga ba ta fita. Ta ce wata rana ta ƙirga har ashirin kafin in ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, in juya, in ci gaba da barci, can kuma abin ya sake dawowa. Na yi mata musu, domin ni ban san ana yi ba, sai ta ɗauki sautin a wayarta ta kunna mini da safe. Da na ji wannan shirun da kunnena, wallahi jikina ya yi sanyi.

Nakan kwanta ƙarfe goma in tashi da asuba, wani lokaci in koma bayan salla, amma kullum ina tashi kamar an yi mini duka, bakina a bushe, kaina yana ciwo har hantsi. Ina fita fitsari sau uku ko huɗu kafin gari ya waye. A shago, da zarar an yi azahar sai gyangyaɗi, ga saurin fushi da mantuwa waɗanda ba halina ba ne. Ina shan maganin hawan jini iri uku yanzu, jinin bai sauka yadda ake so ba, kuma nauyina ya kai kilo 104, har tela ya ƙara wa kaftanina faɗin wuya. Lokaci-lokaci kuma dannau yakan danne ni, in farka ina jin komai amma in kasa ɗaga ko yatsa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya muna dawowa daga Zariya da la'asar, dab da Kwanar Dangora, barci ya sace ni a kan sitiyari. Ihun yaron shagona ne ya dawo da ni, na ga tayar mota ta riga ta sauka daga kan kwalta. Allah ne ya tsare. Washegari na je wani kemis na ce barcina ba ya isata, aka ba ni ƙwayoyin sa barci, na sha kwana biyar, amma gajiyar sai ma ƙaruwa ta yi. Don Allah masu sani, mece ce wannan lalura, kuma wane irin likita ya kamata in gani?

Dattijon Unguwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Ni ba malamin asibiti ba ne, amma na haura saba'in, kuma akwai abu biyu da zan faɗa maka.

Na farko, ka ajiye tuƙin nan tun yau, ka nemi direba ko ka bi motar haya, har sai an gano abin da ke damunka. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama, kuma a kan wannan hanya ba ranka kaɗai ke hannunka ba. Na halarci jana'izar direbobin da kowa ya shaida ba sa shaye-shaye, ba sa gudun ganganci, sai dai kawai barci ya ɗauke su.

Na biyu, ka duba tsarin darenka. Mu da muka tashi kafin zuwan waya da talabijin, ana idar da isha'i gari yake yin shiru, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Ka riƙe alwala da addu'o'in kwanciya, ka kwanta a ɓangaren dama kamar yadda sunna ta koyar. Na lura a kaina cewa dannau bai cika zuwar mini ba sai ranar da na kwanta rigingine.

Sannan ina tambaya, ko an cire maka beli kana jariri? A da, idan babba ya matsa da minshari ko tari, akan ce belinsa ne ya yi tsawo, a kai shi wurin wanzami. Na bar wa masana su faɗi ko hakan yana da amfani a irin naka.

Likitan Huhu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Sai an duba ka ido da ido kuma an yi gwaji kafin a tabbatar, amma abubuwan da ka lissafa sun yi daidai ƙwarai da lalurar toshewar numfashi a cikin barci, wadda likitoci ke kira afniya, kalmar Girkanci mai nufin rashin numfashi. Shawarar Baba ta ajiye tuƙi ita ce mafi gaggawa, kuma ina goyon bayanta ba tare da wani sharaɗi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka rufe ido na daƙiƙa huɗu ya isa ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita.

Ga abin da ke faruwa a maƙogwaronka. Idan mutum ya yi barci tsokokin jikinsa suna saki, har da na harshe da ganɗa da bangon maƙogwaro. Ga wanda hanyar iskarsa ta riga ta tsuke, ko saboda kitsen wuya, ko girman harshe, ko ƙanƙantar haɓa, ko toshewar hanci, iska tana kaɗa wannan nama mai laushi yayin wucewa, kuma ƙarar kaɗawar ita ce minshari. Shirun da Hajiya ta ɗauka a waya shi ne lokacin da hanyar ta rufe gaba ɗaya. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta wucewa, oksijin yana raguwa a jini, har sai ƙwaƙwalwa ta ga abin ya yi yawa ta farkar da kai na 'yan daƙiƙu domin tsokokin su ɗaure, hanya ta buɗe. Farkawar gajeriya ce sosai, shi ya sa ba ka tunawa da ita, kuma shi ya sa kusan duk mai wannan lalura yakan yi wa iyalinsa musu da farko.

A wurin gwaji, duk tsayawar numfashi ko raguwarsa sosai da ta kai daƙiƙa 10 ana ƙirga ta. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya lalura ce mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Mai sau 30 a awa ana tashinsa kowane minti biyu ke nan, fiye da sau 200 a daren awa bakwai. Barcin ɗan Adam kuwa zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare, daga marar nauyi zuwa mai nauyi zuwa matakin mafarki. Wanda ake katsewa kowane minti biyu ba ya samun zama a matakin da jiki ke hutawa, ko da zai kwana awa goma a kan gado. Wannan ce amsar gajiyarka da mantuwa da saurin fushi.

Batun hawan jinin shi ya fi ɗaukar hankalina. A ƙa'ida jini yana sauka da dare, zuciya ta ɗan sarara. Amma kowace shaƙewa tana sa jiki ya zubo sinadaran firgita, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau, kuma idan aka shekara ana haka kowane dare sai hawan ya zauna har da rana. Duk wanda ke shan magani iri uku jininsa bai sauka ba, wannan lalura tana cikin abubuwan farko da ake nema a jikinsa. Tana kuma ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da rikicewar bugun zuciya da ciwon suga. Yawan fitsarin dare ma yana iya fitowa daga nan: jan da ƙirji ke yi a kan rufaffiyar hanya yana miƙe bangon zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta fitar da ruwa. Duk da haka a auna maka suga, a duba mafitsara, domin shekarunka sun kai.

Ƙwayoyin da aka ba ka, don Allah ka daina sha. Yawancin irinsu, musamman dangin diyazefam, suna ƙara sakin tsokokin maƙogwaro, kuma suna dakushe farkawar nan da ke ceton numfashinka, sai shaƙewar ta ƙara tsawo. Haka ma giya da kodin da tiramadol. Tunda kwana biyar kawai ka sha za ka iya ajiyewa, amma wanda ya yi watanni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. Abin yana damuna matuƙa yadda ake miƙa wa mutane waɗannan ƙwayoyi ba tare da an tambaye su ko suna minshari ba.

Baba, game da beli, cikin girmamawa nake cewa kada a kai shi wurin wanzami. Toshewar takan faru ne a wurare da dama lokaci guda, musamman gindin harshe da gefunan maƙogwaro, don haka cire beli ba ya buɗe hanyar, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Amma abin da kuka lura da shi game da kwanciya rigingine gaskiya ne, domin a wannan kwanciya harshe yana zamewa baya ya danne hanya, kuma akwai mutanen da shaƙewarsu ke raguwa sosai da zarar sun koma kwanciyar gefe.

Dannau kuwa yana da bayani. A matakin mafarki, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953 ta hanyar lura da motsin idanun masu barci, ƙwaƙwalwa tana ɗaure tsokokin jiki domin kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya farka kafin a kwance wannan ɗauri, sai mutum ya ji komai amma ya kasa motsi, wani lokaci da ragowar mafarki a idonsa, ya ga kamar inuwa a kansa. Yana wucewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, ba ya kisa, kuma ya fi zuwa ga wanda barcinsa ke yankewa ko ba ya isarsa. Ina sa ran zai ragu idan numfashinka ya daidaita.

Ka nemi ganin likitan huhu ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai waɗannan sassa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su ne za su duba ka su faɗa maka inda za a yi gwajin barci. Babban magani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a birnin Sidni na Ostireliya ya bayyana ta a 1981. Tana hura iska a hankali ta wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Rage nauyi ma magani ne na gaske: bincike ya nuna cewa sauke kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan shaƙewar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, a wurinka kilo goma ke nan. Kuma ka san ba kai kaɗai ba ne, domin wani ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya ce manya kusan miliyan 936 ne a duniya ke da lalurar, mai sauƙi ko mai tsanani.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Assalamu alaikum. Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ina karanta saƙonka kamar ina karanta labarin gidana, domin shekara shida na yi ina kwana da ido ɗaya, hannuna a kan kafaɗar maigidana, da na ji shirun ya yi tsawo sai in girgiza shi. Shi kuma da safe ya ce ni ce nake hana shi barci. Ina roƙonka ka gode wa Hajiya, kuma ka tafi da ita asibiti, domin ita ce ta ga ciwon da idonta, kai labari kawai aka ba ka.

Mu sai da muka yi tafiya zuwa wani gari kafin a yi masa gwajin, kuma ba ƙaramin kuɗi muka kashe ba. Ya kwana a can an manna masa wayoyi a kai da ƙirji, da wani ɗan maƙali a yatsa mai auna oksijin, da safe aka ce numfashinsa yana tsayawa sau 41 a kowace awa. Da muka sami na'urar, mako biyun farko sun yi wuya. Yakan fizge takunkumin cikin barci ya jefar, ya ce iskar tana cika masa ciki, ga hancinsa yana bushewa saboda lokacin hunturu ne. Sai da aka sauya masa takunkumi zuwa ƙarami, aka gyara ƙarfin iskar, muka kuma koyi zuba ruwa mai tsabta a ɗan tankin da ke jiƙa iskar, sannan ya saba. Ranar da ya fara kwana da ita har asuba, na same shi zaune a bakin gado ya yi shiru, ya ce mini rabonsa da ya tashi kansa wasai haka tun kafin a haifi yaranmu na fari.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne wutar lantarki. Na'urar ba ta aiki sai da wuta, kuma daren da aka ɗauke, minsharin da shaƙewar suna dawowa a take, domin ita ba ta warkar da maƙogwaro, riƙe shi kawai take yi. Daga baya muka haɗa ɗan ƙaramin sola da batir saboda ita kaɗai. Ka sa wannan a lissafinka tun yanzu.

Kafin mu kai ga sayen na'urar, na ɗinka aljihu a bayan wata tsohuwar singiletinsa na cusa ƙwallon tenis, ta yadda duk lokacin da ya mirgina rigingine sai ta tokare shi ya koma gefe. Bai warke da wannan ba, amma an sami rangwame. Muka kuma dawo da tuwon dare zuwa bayan magariba, aka rage malmala, ya fara tattaki bayan la'asar. Yau kilo takwas ya sauke, kuma likitansa ya cire masa ɗaya daga cikin magungunan hawan jini.

Ɗan Kasuwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Likita, da Maman 'Yan Biyu, Allah ya saka da alheri. Na zubar da ƙwayoyin, na miƙa wa ƙanena makullin mota, kuma ranar Litinin in sha Allahu za mu je asibiti tare da mai ɗakina. Likita, sauran tambaya biyu. Ina cin goro uku ko huɗu a yini, ina shan shayi mai kauri bayan isha'i a majalisa, shin in bari ne gaba ɗaya? Sannan mai ɗakina ta ce yanzu ko a ɗakinta ta kwana barci ba ya ɗaukarta sai wajen ƙarfe biyu, ko ita ma irin tawa ce ta kama ta?

Likitan Huhu ya sake amsawa:

Madalla, Malam, ka yi abin da ya dace. Goro da shayi duka suna da kafeyin. Aikinsa shi ne ya toshe wa ƙwaƙwalwa saƙon gajiya, gajiyar kuma tana nan tana taruwa. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, don haka shayin ƙarfe tara na dare rabinsa yana cikin jininka har ƙarfe biyu, yana rage nauyin ɗan barcin da kake samu. Ka rage goron sannu a hankali don kada ciwon kai ya dame ka, ka tsayar da shi da shayin daga azahar, a majalisa kuma ka sha abin da ba shi da ganyen shayi. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma mai tashi asuba ba zai same su ba sai ya kwanta da wuri. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana taimakawa, amma idan ta zarce awa guda ko ta kai yamma takan ci barcin dare.

Na Hajiya ya fi kama da rashin barci, wanda lalura ce dabam. Wadda ta daɗe tana kwana cikin sauraro da fargaba, jikinta yakan saba da zama a faɗake da zarar ta hau gado, ko da abin tsoron ya kau. Likitoci suna ɗaukarsa ya zama mai naci idan ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku kuma yana taɓa ayyukan rana. Ita ma kada ta fara da ƙwaya. Ta tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, kada ta hau gado sai barci ya zo mata, ta ajiye waya nesa, idan kuma ta yi kamar minti 20 tana juyi to ta tashi ta zauna a wuri mai ƙarancin haske tana tasbihi ko karatu har idonta ya yi nauyi. Idan tana jin ƙafafunta suna damunta da dare har sai ta motsa su, ta faɗa wa likita a auna mata sinadarin ƙarfe na jini, domin ƙarancinsa yana kawo hakan, musamman ga mata.

Ranar Litinin ku tafi da sautin da ta ɗauka a waya, da kwalayen duk magungunan da kake sha, da takardar awon jininka na watannin baya. Ka kuma faɗa wa likitan abin da ya faru a Kwanar Dangora tun a farkon bayani, domin shi zai sa a gaggauta maka gwajin.